Daidaita jan iska a murhun ƙwayar katako: abin da mai kafawa da kansa ya kamata ya fahimta

Wanda ya kafa murhun ƙwayar katako da hannunsa yakan ɗauka cewa aiki ya ƙare daga lokacin da ya huda bango, ya zura bututu, ya jona wutar lantarki, ya ga harshen wuta ya tashi a bayan gilashi. Sai bayan awa biyu ko uku ya dawo ya tarar gilashin ya yi baƙi ƙirin, kaskon wuta ya cika maƙil da ƙwayoyin da ba su gama ci ba. Wani kuma akasin haka yake tararwa: wuta tana huci kamar an sa mata zugazugi, tartsatsi na ta tashi, rumbun ƙwaya na raguwa da sauri, amma ɗaki ya ƙi ɗumi. Duka biyun matsala ɗaya ce da fuska biyu, wato iskar da ke ratsa wutar ba ta yi daidai da ƙwayar da ake zuba mata ba. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su kama ƙyauren iska, wato ɗan marfin da ake ƙara ko rage iskar murhun da shi, su yi ta ja da turawa har dare, alhali wannan ƙyauren shi ne abu na ƙarshe da ya kamata hannu ya taɓa.

Murhun nan ya bambanta da murhun itace na gargajiya ta fuskar da ta fi kowace muhimmanci: na'ura ce ke zuba masa abinci, fanka ce kuma ke jawo masa iska. Ya bayyana ne a jihar Washington ta Amurka a farkon shekarun 1980, ta hannun wani injiniya mai suna Jerry Whitfield, bayan tsadar mai ta shekarun 1970 ta sa mutanen ƙasashe masu sanyi neman wata hanyar ɗumama gida. Abincinsa garin katako ne da aka busar aka matse shi da ƙarfi ya zama 'yan ƙwayoyi masu kaurin kusan milimita 6. Ana zuba su a rumbu da ke saman murhun ko bayansa, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa yana ɗebo su kaɗan-kaɗan yana sakinsu cikin kaskon wuta mai ƙananan ramuka, fanka kuma tana zuƙo iska ta cikin waɗannan ramukan ta ratsa garwashin, sannan ta kora hayaƙin waje. Akwai fanka ta biyu wadda ke hura ɗumi cikin ɗaki, amma ita ba ruwanta da wannan magana. Saboda haka mai murhun yana da linzami biyu ne kawai a hannunsa, yawan ƙwayar da ke faɗowa da yawan iskar da ke wucewa, kuma daidaita jan iska ba komai ba ne illa sa waɗannan biyun su jitu.

A mafi yawan murhunan, fankar hayaƙi tana zaune ne bayan ɗakin wuta, tsakaninsa da bututu. Wannan matsayi nata yana haifar da yanayi biyu masu karo da juna a cikin na'ura ɗaya. A ɗakin wuta fankar tsotsa take yi, don haka matsin iskar ciki ya gaza na ɗakin da mutane ke zaune, kuma duk wata kafa da ke bakin ƙofa ko akwatin toka iska za ta shigo ta cikinta ne, hayaƙi ba zai fita ba. A bututu kuwa turawa take yi, matsin ciki ya ɗara na waje, kuma duk mahaɗar da ba a toshe da kyau ba za ta feso hayaƙi cikin gida. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya fahimci rabin al'amarin, domin ɓula ɗaya tana yin ɓarna iri biyu gwargwadon inda take: idan kafin fanka take, ta sace wa wuta iska, idan bayan fanka take, ta zubo wa mutane guba.

Ga kuma lissafin iskar kanta. Kilo ɗaya na ƙwaya mai kyau yana ɗauke da zafin da ya kusa kilowat-awa 5, kuma kafin ya ƙone ƙurmus yana buƙatar iska tsakanin mita kubik 4 da 5, idan da kowane ɗigon oksijin zai sadu da abin da zai ƙona. Da yake hakan ba ya faruwa a zahiri, murhu yakan ja ninkin wannan ko fiye. Idan iskar ta gaza, ƙonewa ba ta kammaluwa, sai a samu kunkunniya da iskar kabon monoksaid, zafin da ya kamata ya fito kuma ya tafi a baƙin hayaƙi. Idan ta yi yawa, rarar iskar ba ta yin wani aiki face ta shigo da sanyi, ta kwashi zafi, ta fice da shi ta bututu. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar tazara wadda ba ta da faɗi sosai, kuma a cikinta ne kamfanoni ke gwada murhunansu kafin su cika sharuɗɗan hukuma, kamar iyakar giram 2 na ƙurar hayaƙi a awa ɗaya da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɗora tun watan Mayun 2020, ko ƙa'idar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2022. Lambobin ingancin da ke jikin kwali an same su ne a kan bututu daidaitacce. Murhun da aka kafa a karkace ba zai ba da su ba.

Ana yawan cewa tunda akwai fanka, jan iska na ɗabi'a ba shi da amfani a wannan murhu. Wannan kuskure ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje sauƙin nauyi, shi ya sa yake hawa, kuma hawansa yana jawo na bayansa. Iska a digiri 0 na ma'aunin Celsius tana da nauyin kusan kilo 1.29 a kowace mita kubik, hayaƙi a digiri 150 kuma wajen kilo 0.83. Wannan bambanci yana ba da jan da ya kai kusan faskal 4 da rabi (faskal shi ne ma'aunin matsin iska) a kowace mita ɗaya ta tsayuwar bututu, wato bututu mai tsayin mita 3 zai iya ba da faskal 13 ko 14 a lissafi, kodayake gogayya da hucewar hayaƙi a hanya suna rage wani abu. Kamfanonin Turai da yawa suna neman ja na kusan faskal 10 zuwa 12 a bakin bututu. To amma a ranar da sanyi ya yi sauƙi, iskar waje tana digiri 15, murhu kuma yana kan ƙaramar wuta da hayaƙin da bai wuce digiri 80 ba, jan yakan faɗo zuwa kusan faskal 2 a mita, ƙasa da rabin na farko. Bututu ɗaya ne, fanka ɗaya ce, amma abin da wutar ke samu ya sauya. Wannan ne dalilin da ya sa saitin da aka yi a farkon kaka yakan zama mai iska fiye da kima a tsakiyar hunturu.

Amfanin tsayuwar bututu ya fi bayyana a lokacin da wutar lantarki ta ɗauke. Fanka ta tsaya cak, amma kasko cike yake da garwashi da ƙwayoyi masu tururin hayaƙi, kuma za su ɗauki mintuna suna yi. Idan bututun a kwance ya fita ta bango ya ƙare nan, hayaƙin ba shi da abin da zai ja shi waje, sai ya nemi hanya ta mashigar iska da bakin rumbu ya cika ɗaki. Idan kuwa akwai tsayuwar ƙafa 3 zuwa 5, wato mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kamar yadda littattafan murhu da yawa ke ba da shawara, zafin da ya rage a bututun yakan isa ya kwashe mafi yawansa. A ganina, ko da littafin murhu ya halatta fita kai tsaye a kwance, wanda ke kafawa da kansa ya daure ya ƙara wannan tsayuwa, domin ribarta ta fi wahalarta nesa ba kusa ba.

Kowace gwiwa da kowane taƙi na bututu kaya ne a kan fanka, kuma kamfanonin Amurka suna da hanya mai sauƙi ta auna wannan kaya. Gwiwa cikakkiya mai digiri 90, ko mahaɗa mai siffar T, ana lissafa ta a matsayin ƙafa 5. Rabin gwiwa mai digiri 45 ƙafa 3 ce. Ƙafa ɗaya a kwance ƙafa ɗaya ce, ƙafa ɗaya a tsaye kuwa rabin ƙafa ce kawai, tunda hayaƙi da kansa yake hawa. Idan jimilla ta haura 15, sai a bar bututu mai faɗin inci 3 a koma mai inci 4, wanda a Turai ya yi daidai da barin milimita 80 zuwa 100. A ɗauki shiri mafi sauƙi da mutum zai iya yi: ƙafa 2 a kwance ta cikin bango, mahaɗar T a waje mai marfin kwashe toka a ƙasanta, ƙafa 6 a tsaye, sai gwiwa ɗaya a sama da ke juya bakin bututun daga bango. Biyu da biyar da uku da biyar, sha biyar cif. Ga shi shiri ne da ba a yi masa wani ado ba, amma ya riga ya isa iyaka. Wanda ya ƙara gwiwa ɗaya don ya kauce wa ginshiƙi ya tsallake ta, kuma babu irin jan ƙyauren da zai biya wannan bashi. Ɓangaren da ke kwance ma ba a shimfiɗa shi daidai wa daida. Ana ɗaga shi kaɗan wajen fita, kusan rubu'in inci a kowace ƙafa. Bututun kansa dole ne ya zama wanda aka ƙera don wannan aiki, mai baƙin ƙarfe marar tsatsa a ciki, irin wanda ake kira L ko PL a Amurka. Bututun na'urar busar da tufafi, da na roba, da na murhun gas duk ba su halatta ba. Mahaɗun da ke cikin gida kuma, idan ba masu zoben roba na kamfani ba ne, ana shafe su da silikon mai jure zafi.

Inda bututu ya ƙare shi ma yana da ta cewa. Bakin da ke fuskantar iskar da ta saba kaɗawa a wurin zai riƙa shan bugu, kowane bugu kuma yana danne fanka na ɗan lokaci, sai a ga harshen wuta yana kwanciya yana tashi ba tare da an taɓa komai ba. Littattafan Amurka sukan nemi a nisanta bakin bututu da aƙalla ƙafa 4 daga ƙasa ko gefen ƙofa ko tagar da ake buɗewa, da ƙafa ɗaya idan a samanta yake, a kuma ɗaga shi sama da inda dusar ƙanƙara ke taruwa.

Sai maganar inda iskar ke fitowa, wadda aka fi mantawa da ita. Fanka ba ta ƙirƙirar iska, abin da ta samu shi take ja. Gidajen zamani na ƙasashen sanyi a toshe suke ruf, kuma a cikinsu akwai wasu fankokin da ke fitar da iska: mazuƙar hayaƙi ta saman murhun girki, ta banɗaki, da na'urar busar da tufafi. Idan suka tashi tare sukan rage matsin cikin gida har su shiga ja-in-ja da murhu. Jamusawa sun ɗauki abin da muhimmanci har suka sa iyakar faskal 4 ga ragin matsin ɗakin da ke da murhu mai shan iskar ɗaki. Maganin shi ne gajeren bututu na biyu da ke kawo wa murhu iska kai tsaye daga waje, wanda a Amurka wajibi ne a gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su zuwa fili. Akwai gwaji mai sauƙi: murhu yana ci, wuta ta yi kasala, sai a ɗan buɗe taga kusa da shi. Idan cikin minti ɗaya ko biyu harshen ya miƙe ya yi haske, to gidan ne ke shaƙe murhun, kuma ƙyauren iska ba shi da laifin komai.

Kafin a kunna wuta ta farko akwai aikin minti biyar da ke hana wahalar kwanaki. A yanki siririyar takarda, a sa ta a bakin ƙofar murhu, a rufe a kanta, sannan a ja. Idan igiyar da ke zagaye da ƙofar ta kama da kyau, takardar za ta yi tirjiya, wani lokaci har ta nemi yagewa. Idan ta zare sumul, nan akwai kafa. A zagaya ƙofar haka, sama da ƙasa da gefuna biyu, sannan a yi wa akwatin toka da marfin rumbu. A kuma duba zaman kasko: idan ya ɗan karkace, ko wata ƙwaya ta maƙale a ƙarƙashin leɓensa, iska za ta bi ta gefe ta bar ramukan da aka yi dominta. Iska kullum hanya mafi sauƙi take bi, kuma wadda ta shiga ta kafar ƙofa ba ta ratsa garwashi ba, don haka fanka na iya yin aiki tuƙuru wuta kuma tana fama da ƙishirwar iska.

Bayan duk wannan ne ake zuwa ga awo. Ma'aunin da ake amfani da shi, manomita, ƙaramar na'ura ce mai siririn tiyo da ake zurawa a wata 'yar huda da kamfani ya tanada a jikin ɗakin wuta, galibi an toshe ta da ƙusa mai murɗi. Yana nuna bambancin matsin ciki da na ɗaki, ko dai da faskal ko da incin ruwa, kuma kashi ɗaya cikin goma na incin ruwa ya yi daidai da kusan faskal 25. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane murhu. Akwai wanda littafinsa ke neman kusan faskal 30 a ɗakin wuta, akwai wanda ke neman fiye da 100, domin ƙirarsu da wurin hudar awonsu sun bambanta. Lambar da wani ya samu a nasa murhun ba hujja ba ce a naka, littafin murhunka ne kaɗai alƙali. Haka nan dole a lura da sharaɗin awon, domin wani kamfani yana so a auna murhu a sanyaye da fanka kaɗai tana juyawa, wani kuma yana so a auna bayan ya ɗauki zafi sosai a kan babbar wuta. Wasu sukan lanƙwasa tiyo mai garai-garai su zuba ruwa su auna da shi. Hakan yana aiki ga murhun da ke neman faskal 100, tunda ruwan zai motsa kusan santimita ɗaya, amma ga mai neman faskal 12 motsin bai wuce milimita ɗaya da ɗigo ba, ido ba zai iya rarrabewa ba.

Akwai wani tarko a karatun ma'aunin da ke ruɗa har masu hannu a aikin. Babbar lamba ba kullum take nufin iska mai yawa ba. Idan ƙyauren murhun yana ɓangaren fitar hayaƙi, tsakanin ɗakin wuta da fanka, buɗe shi yana ƙara tsotso, lamba ta hau, iska ma ta ƙaru. Idan kuwa yana ɓangaren shigar iska, rufe shi ne ke sa lamba ta hau, domin fanka tana tsotsar ɗaki da aka toshe wa hanci, alhali iskar da ke wucewa ta ragu. Kamar mutum ne ya sa tsinken shan lemo a baki ya toshe ƙarshensa da yatsa: kumatu za su lotsa saboda ƙarfin zuƙa, amma babu abin da ke shigowa. Saboda haka lamba mai yawa tare da wuta mai kasala tana nuni ga toshewa a mashiga, ko ramukan kasko da toka ta cike, ko ƙanƙara ko sheƙar tsuntsu a bakin bututun iskar waje. Lamba kaɗan tare da wuta mai kasala kuwa tana nuni ga kafa a ƙofa, ko toshewa a bututun hayaƙi, ko fanka mai rauni. Ma'auni shi kaɗai ba ya faɗin wannan, sai an haɗa shi da ido.

Wutar da ta samu daidai tana da kama da ba ta ɓuya. Harshenta rawaya ne mai haske da ke kusa da fari, a miƙe yake, yana motsi da kuzari, kuma sau da yawa akwai ɗan shuɗi a gindinsa kusa da kasko. Ƙwayoyin da ke ciki suna ɗan motsawa kamar ana girgiza su, garwashi bai taru ya haura ramukan gefen kasko ba, tokar da ke sauka kuma mai laushi ce, fara-fara ko ruwan toka mai haske. Gilashi zai yi hazo a hankali cikin kwanaki, hazo mai launin toka ko ƙasa-ƙasa wanda tsumma ke sharewa da sauƙi. Wutar da iska ta gaza mata doguwa ce mai lanƙwasa, ja-ja kamar ruwan goro, da baƙi a tsininta, tana lasar rufin ɗakin wuta da kasala, gilashi kuma yana baƙi cikin awanni. Wadda iska ta yi wa yawa gajera ce mai kaifi, tana da sauti, ƙwayoyi masu ci da wuta suna tsalle daga kasko suna faɗawa akwatin toka tun ba su ƙone ba.

Yadda ake gyaran yana buƙatar haƙuri fiye da gwaninta. Wutar farko ba ta awo ba ce, domin fentin murhu yana gasuwa yana wari, dole a buɗe tagogi, kuma buɗaɗɗen gida ba shi ne gidan da murhu zai zauna a ciki ba. Bayan warin ya wuce sai a rufe ƙofofi da tagogi kamar yadda za su kasance a hunturu, a sa ƙyaure inda littafi ya ce a fara, a kunna, a kai murhu babbar wuta, a bar shi kamar rabin awa har bututu ya ɗauki zafi. Sannan a auna, a kalli wuta. Idan akwai buƙatar gyara, a motsa ƙyauren kaɗan, milimita 3 zuwa 6, a ɗauke hannu, a jira minti 10 zuwa 15. Jiran nan ba ɓata lokaci ba ne, domin ƙwayoyin da ke cikin kasko sun taru ne a ƙarƙashin tsohon saiti, kuma sai sun ƙone an maye gurbinsu kafin wuta ta nuna sakamakon sabon. Wanda ya buɗe ƙyaure a kan kasko cike zai ga wuta ta yi tsiri ya ɗauka ya wuce gona da iri, ya mayar, ya koma gidan jiya. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya. Idan aka sauya iska da yawan ƙwaya tare, ko an dace ba za a san wanne ya yi aikin ba. Yana da kyau a ja layi da alƙalami a jikin sandar ƙyauren a kowane matsayi, don a iya komawa baya.

Idan babbar wuta ta daidaita, aiki bai ƙare ba, domin ƙaramar wuta ce ke tona asirin saiti. A can ƙwaya kaɗan ke faɗowa, garwashi ɗan mitsitsi ne, kuma iskar da ta dace da babbar wuta tana iya cinye shi kafin wata ƙwayar ta iso, sai murhu ya mutu da tsakar dare. A saukar da shi ƙasa, a bar shi awa guda, a ga ko garwashi na rayuwa tsakanin zubi da zubi. Matsayin da ya dace shi ne wanda babbar wuta ba ta yin kunkunniya, ƙarama kuma ba ta mutuwa. Daga nan sai a kunna dukan fankokin gida masu fitar da iska a sake dubawa, tunda wannan ne yanayi mafi tsanani da murhun zai fuskanta.

Murhuna da yawa, musamman ƙirar Italiya da Ostiriya, ba su da ƙyauren hannu ko kaɗan. Allon sarrafawa ne ke ƙayyade saurin fanka da tsawon juyin murɗaɗɗen ƙarfe, wasu ma suna da na'urar da ke auna iskar da ke shigowa su gyara kansu. A irinsu mai gida yakan samu damar ƙara ko rage iska da ƙwaya da ɗan kaso cikin ɗari, sauran saitin kuma an kulle shi da lambar sirri don ma'aikacin kamfani. Lambobin sirrin suna yawo a intanet, amma wanda ya shiga ba tare da ya rubuta lambobin asali ba yana iya ɓata tsarin kunnawa da kashewa, ya kuma rasa garantin murhunsa. Ɗan kason da aka bar masa a fili ya isa duk murhun da bututunsa ke daidai.

Ƙwayar kanta tana sauya lissafi. Mai daraja ta farko a tsarin ENplus na Turai, wadda ake kira A1, danshinta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, tokarta kuma ba ta haura kashi 0.7 ba. Gajerun ƙwayoyi sun fi dogaye cika murɗaɗɗen ƙarfe, don haka juyi ɗaya yana zubo mai yawa, sai iskar da ta wadatar jiya ta gaza yau ba tare da an taɓa komai ba. Mai yawan toka ko ƙasa-ƙasa takan narke ta dunƙule a gindin kasko kamar kashin maƙera ta toshe ramuka, kuma wannan laifin ƙwaya ne, ƙarin iska ba ya warkar da shi. Tsayin wuri ma haka: a mita 1,500 sama da teku iska ta yi sauƙi da kusan kashi 14 cikin 100, wato fanka tana juyawa yadda ta saba amma oksijin da take kawowa ya ragu, shi ya sa littattafai da yawa ke neman bututun inci 4 ga gidajen kan tsaunuka.

A cikin murhun akwai wani ƙaramin makashi, wato makunnin lantarki na tsaro, da ke sauraron tsotson ɗakin wuta ta siririn tiyo. Da zarar tsotson ya faɗi ƙasa da iyaka, saboda an buɗe ƙofa ko bututu ya toshe ko fanka ta tsaya, sai ya yanke wa murɗaɗɗen ƙarfe wuta, ƙwaya ta daina zuba. Sabon murhun da ya ƙi zubo ƙwaya sau da yawa wannan makashin ne ke magana, kuma gaskiya yake faɗa. Akwai masu haɗa wayoyinsa biyu su tsallake shi don murhu ya ci gaba da aiki. Wannan ganganci ne da nake ganin babu uzurin da ke wanke shi, domin an rufe bakin mai gargaɗi ne an bar haɗarin yana nan. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, yana kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma alamunsa na farko, ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sun yi kama da na mura ko gajiya, ga mai barci kuwa babu alama ko ɗaya. Na'urar gargaɗin wannan iska da ta hayaƙi dole su kasance a manne suna aiki tun kafin a kunna wutar farko.

Kafawa da kai kuma ba ta ɗauke hakkin hukuma. A Jamus ba a fara amfani da murhu sai jami'in duba bututun hayaƙi na yankin ya amince. A Ingila aikin yana ƙarƙashin sashen J na dokokin gini, kuma wanda bai ɗauki ma'aikaci mai rajista ba sai ya sanar da hukumar duba gini. A yankuna da yawa na Amurka ana neman izini da dubawa, kamfanonin inshora kuma sukan tambayi takardar idan gobara ta tashi. Mai dubawa ƙwararre yana iya zuwa da na'urar tantance hayaƙi, wadda ke nuna ainihin oksijin da kabon monoksaid da ke fita, abin da ido da manomita ba sa iya gani.

Ranar da murhu ya daidaita, a rubuta lambar da ma'auni ya nuna a babbar wuta da ƙarama, da matsayin ƙyaure, da sunan ƙwayar, da sanyin da ake yi a waje, a ajiye takardar cikin littafin murhun. Bayan makonni toka mai laushi za ta taru a bayan farantan ɗakin wuta, da fukafukan fanka, da gindin mahaɗar T, lambar za ta fara sauka, wuta ta fara kasala. Idan hakan ta faru sai a kashe murhu a bar shi ya huce, a zare shi daga lantarki, a buɗe marfin mahaɗar a zazzage, a goge fanka, a soke ramukan kasko ɗaya bayan ɗaya, sannan a kunna a sake aunawa da ƙyauren yana nan a kan layinsa na farko, a gwada da abin da ke rubuce a takardar.